Abin da na koya wajen aiki da yaran da ƙara ke gigitawa

Yaran nan kashi biyu ne fa, amma mutane haɗa su suke yi. Akwai wanda da an tada janareto ko an kunna bilenda sai ya toshe kunnuwa ya zube ƙasa yana ihu, akwai kuma wanda kunnensa lafiya lau, cokali ya faɗi a wani ɗaki zai ji, amma ki ce masa "ɗauko littafinka ka zauna kusa da allo" a cikin aji mai hayaniya sai ya tsaya yana kallonki yana "na'am?" A gida kuwa an riga an yanke hukunci, wai kunnen ƙashi ne, wasu har bulala sun sha a kai.

A cibiyar da nake aiki yanzu iyaye na yawan zuwa da abin da suka gani a Facebook, wai a sa wa yaro hedifon ya riƙa sauraron kiɗan da aka tace sautinsa, ƙwaƙwalwa ta gyaru. Abin ba sabo ba ne, daga Faransa ya taso, wani likitan kunne Alfred Tomatis ne ya fara tun wajen shekarun 1950, daga baya wani likitan kunnen, Guy Bérard, ya fito da nasa tsarin na zama 20, kowanne minti 30, sau biyu a rana har kwana 10. Sai dai ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tun 1998 ta ce abin gwaji ne kawai, kuma bitar da masanan Cochrane, wata ƙungiya mai tantance binciken likitanci, suka yi a 2011 kan yara masu otizim (lalurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane) ba ta samu hujjar cewa yana aiki ba. Shi ya sa idan uwa ta ce min "Malama a ina zan samu?" nakan ce Hajiya kuɗin nan a fara kai shi gwajin ji tukuna, don sau da yawa ruwa ne ya taru a bayan dodon kunne bayan mura, yaro yana jin magana kamar daga cikin rijiya. Shi kuwa gwajin yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa sauti sai yaro ya kai kamar shekara 7 ake yi.

Abin da na ga yana aiki da idona ba shi da tsada ko kaɗan, haƙuri dai yake ci. Wata yarinya da ko hanyar injin markaɗe ba ta yarda a bi da ita, sai muka naɗi ƙarar injin a waya, muka miƙa mata wayar a hannunta, ita ke kunnawa ita ke kashewa, sautin can ƙasa-ƙasa, tana danna shi tana kallon fuskata tana janye yatsa da sauri kamar ta taɓa wuta. A hankali da kanta ta riƙa ƙarawa, har ta kai tana tsayawa daga nesa idan yayarta ta kai markaɗe. Ƙarar da yaro ya san zuwanta kuma yake da ikon tsayar da ita ba ta razana shi kamar wadda ta faɗo masa ba zato.

Abin toshe kunne kuma, a gidan biki ko kasuwa ba laifi, amma a bar shi a kunnen yaro tun safe har dare wallahi ƙara lalata lamarin yake, kunne ya saba da shiru sai ƙaramin motsi ma ya zama azaba.

Su kuma 'yan kashi na biyu, ki kira sunansa tukuna, ki bari ya kalli bakinki, umarni ɗaya a lokaci ɗaya, ki ɗan jira kafin ki maimaita kuma kar ki canza kalmomin, sannan a ɗauke kujerarsa daga jikin tagar da ke kallon titi ko janareto. Fankar ajinmu ma mai ƙugi kashe ta nake yi lokacin karatu, duk da zafin da muke sha.