Direban katin faiba: yadda yake riƙe da rumbun faifai idan hanya ta yanke

Idan wuta ta ɗauke da tsakar rana a Sakkwato, janareta ya tashi, sai ka ji wani a ofis yana cewa faifai ya mutu, saboda manhajar da ke ajiye bayanai ta daina karɓar rubutu. Galibi faifan lafiyarsa ƙalau. Abin da ya faru shi ne direban katin faiba, wato manhajar da ke sarrafa katin da ke haɗa kwamfuta da rumbun faifai, ya jira iya daƙiƙun da aka ɗibar masa, hanya ba ta dawo ba, sai ya yanke hukuncin cewa rumbun ya tafi. Wannan hukunci a hannunmu yake, mu ke saita shi, amma kaɗan ne ke buɗe wurin su duba.

A tsarin da ake kira Fibre Channel, faifan ba ya cikin sabar, wato babbar kwamfutar da ke gudanar da manhajojin. Yana cikin wani akwati dabam, rumbun faifai, kuma igiyar faiba ce ke haɗa su ta cikin suwic, na'urar da igiyoyin ke haɗuwa a cikinta. A cikin sabar akwai kati da ake kira HBA, galibi mai ƙofa biyu. Sunaye biyu ne suka mamaye kasuwarsa: QLogic, wanda direbansa a Linux ake kira qla2xxx, da Emulex mai direba lpfc. Gudun ya taso daga gigabit 1 zuwa 2, 4, 8, 16, 32, har 64. Kati yakan iya sauka matakai biyu kawai, wato katin 32 zai yi magana da 16 da 8, amma tsohon suwic mai 4 ba zai taɓa gane shi ba. A tuna da wannan kafin a sayi kayan hannu.

Kowace ƙofa tana da lambarta ta dindindin, WWPN, mai haruffa da lambobi 16. Ta QLogic takan fara da 21:00, ta Emulex da 10:00. Za ka gan ta a /sys/class/fc_host/host5/port_name, sai dai lambar host ɗin ta bambanta daga sabar zuwa sabar. A gefenta akwai port_state, wanda ya kamata ya ce Online, da speed.

Da zarar haske ya kama tsakanin kati da suwic, sai a fara gaisuwa bi da bi. Katin zai aika FLOGI ga suwic, suwic ya ba shi adireshi mai bit 24. Daga nan ya yi rajista a kundin sunayen suwic, ya tambayi waɗanda aka yarda ya gani. Sai ya aika wa kowace ƙofar rumbu PLOGI, ya bi shi da PRLI, wanda ke nufin sun amince za su yi magana da harshen SCSI, wanda kwamfuta ke ba faifai umarni da shi. Sai bayan an gama wannan ne babbar manhaja ke tambayar rumbun, da umarnin REPORT LUNS, yanki nawa aka ware wa wannan sabar. Kowane yanki, wato LUN, sai ya bayyana a matsayin /dev/sdb, /dev/sdc da sauransu, tamkar faifan da aka ɗaure a ciki.

Sanin wannan jeri shi ke rage wahalar bincike. Idan port_state ya ce Linkdown, matsalar igiya ce ko ƙwayar SFP, ƙaramar na'urar da ake soka igiyar a cikinta, mai aikawa da karɓar haske. Idan ya ce Online amma ba ƙofar rumbun a /sys/class/fc_remote_ports, ba a sa WWPN ɗin sabar cikin shiyya ɗaya da rumbun a kan suwic ba, ko an kuskure harafi ɗaya wajen kwafa. Idan ƙofar rumbun ta bayyana amma ba faifai, to a rumbun ne ba a ba sabar izinin ganin yankin ba. In kuwa an ƙara sabon yanki sabar na aiki, ba sai an kashe ta ba. A rubuta "- - -" cikin /sys/class/scsi_host/host5/scan, ko a yi amfani da rescan-scsi-bus.sh na cikin sg3_utils. Akwai kuma issue_lip, amma shi yana girgiza hanyar gaba ɗaya, kada a taɓa shi ana tsakiyar aiki.

Sabar mai ƙofa biyu da rumbu mai kai biyu, wato na'urar sarrafawa biyu, sukan ba da hanya huɗu zuwa yanki guda, don haka za ka ga faifai huɗu alhali ɗaya ne. Direban katin ba ruwansa da haɗa su. Aikin wata manhaja ce mai suna multipathd, wadda ke karanta lambar shaidar kowane yanki, ta gane cewa abu ɗaya ne, ta fitar da na'ura guda a /dev/mapper. A kan wannan ake ɗora komai. Wanda ya ɗora a kan /dev/sdc kai tsaye ya jingina da hanya ɗaya tak, ga shi kuma sunan na iya canjawa bayan an sake kunna sabar. Umarnin multipath -ll zai nuna maka hanyoyin, kuma kowace ya kamata ta ƙare da active ready running.

Yanzu ga inda maganar take. Lokacin da haske ya ɗauke, qla2xxx zai rubuta LOOP DOWN detected a cikin dmesg, kundin saƙonnin babbar manhaja, lpfc kuma Link Down Event. Direban ba ya gaggawar sanar da kowa cewa faifai ya ɓace. Yakan toshe ƙofar rumbun, ya tsayar da duk umarnin karatu da rubutu a layi, sannan agogo biyu su fara gudu. Na farko fast_io_fail_tmo: idan ya cika, ana mayar da umarnin da ke jira zuwa sama da alamar sun gaza, don multipathd ya tura su ta wata hanya. A ƙarƙashin multipath daƙiƙa 5 ne in ba a canja ba. Na biyu dev_loss_tmo, wanda yakan kasance daƙiƙa 30 ko 60 gwargwadon direba. Idan shi ya cika, ana cire faifan daga sabar ɗungurungum, kuma za ka ga layin da ke cewa blocked FC remote port time out. Duk wanda ya ga wannan layi ya san hanya ce ta daɗe a yanke.

In hanya ɗaya ce ta faɗi, ɗan tsaiko na daƙiƙa biyar ne, ma'aikata ba za su ma lura ba. Tashin hankalin yana zuwa ne idan duk hanyoyin sun faɗi tare, kuma wannan shi ne halinmu a nan. An sa sabar a kan UPS mai kyau, amma suwic biyun da hanyoyin ke bi an jona su a soket ɗaya da ba ya kan UPS, ko a kan wanda batirinsa zafi ya riga ya cinye. Janareta na iya karɓa cikin ƙasa da minti ɗaya, amma suwic ɗin faiba yana ɗaukar mintoci kafin ya gama tashi, rumbun kuma ya fi shi daɗewa. A wannan tsakanin, multipathd yana duba saitin no_path_retry, wanda ke faɗin sau nawa za a sake duba hanyoyin kafin a haƙura. Idan an bar shi a fail, kuskure zai haura nan take, tsarin fayil na ext4 ya koma karatu kawai in haka aka saita shi, na XFS kuma ya rufe kansa. Wuta ta dawo, hanya ta dawo, amma aiki ba zai ci gaba ba sai an sauke faifan an sake ɗora shi.

Lissafin ba shi da wuya. Ana duba hanyoyi duk bayan daƙiƙa 5, don haka no_path_retry 60 yana nufin jiran kusan minti 5. A auna da agogo, ranar da ba a aiki, minti nawa suwic da rumbu ke ɗauka daga kunnawa zuwa lokacin da multipath -ll ya nuna komai ya dawo, sai a ɗora ɗan rara a kai. A ɗaga dev_loss_tmo a cikin /etc/multipath.conf ya wuce wannan adadi, don kada a cire faifan ana cikin jira. Wasu sukan rubuta queue, wato a jira har abada. Ni ban goyi bayan haka ba sai in mai rumbun ne ya ce a yi, domin idan rumbun bai dawo ba, manhajoji za su maƙale yadda ko umarnin kill ba ya kashe su, kuma kashe sabar ma ya zama aiki. A fara karanta shawarar kamfanin da ya ƙera rumbun, domin multipath ya riga ya zo da saitin da ya dace da sanannun rumbuna. Bayan gyara a ce multipathd reconfigure.

Amma saiti ba ya maye gurbin waya. Suwic na farko a kan UPS ɗaya, na biyu a kan wani, kuma kowane akwati mai wutar shiga biyu a raba masa su. Idan an kashe komai, a kunna suwic tukuna, sai rumbu, sai sabar a ƙarshe.

Akwai cutar da ta fi yankewar hanya muni, ita ce hanyar da ba ta mutu ba kuma ba ta da lafiya. Zuciyar igiyar faiba nau'in OM3 ko OM4 faɗinta maikiron 50 ne, bai kai kaurin gashin kai ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazon hunturu ke rufe gari har ƙura ta kwanta a kan tebur cikin ɗakin da ke kulle, ƙwayar ƙura ɗaya a bakin kan igiyar, wanda ake kira LC, ta isa ta rage haske. Port_state zai ci gaba da cewa Online, amma wasu ƙunshin bayanai suna isa a lalace, a watsar da su. Umarnin da ƙunshinsa ya ɓace zai zauna har wa'adinsa na daƙiƙa 30 ya cika. Sai direba ya soke shi, in bai yiwu ba ya sake saita yankin, sannan ƙofar rumbun, daga ƙarshe katin kansa. Masu aiki za su ce kwamfuta na tsayawa rabin minti sannan ta ci gaba. Shi kuwa multipathd, da yake gwajinsa yana wucewa lafiya, sai ya ci gaba da mayar da hanyar cikin aiki.

Direban yana ƙirga wannan duka a /sys/class/fc_host/host5/statistics. A duba invalid_crc_count, invalid_tx_word_count, loss_of_sync_count da link_failure_count. Lambobin a tsarin heksa suke, mai haɗa lambobi da haruffa, kuma girmansu ba shi ne abin dubawa ba, ƙaruwarsu ce. A karanta da safe, a sake karantawa bayan la'asar. A suwic ƙirar Brocade, porterrshow yana nuna irin wannan ƙirga, sfpshow kuma yana nuna ƙarfin hasken da ke shigowa da zafin ƙwayar. A kwatanta ƙofar da ake zargi da maƙwabciyarta. Ƙwayar SFP ta yau da kullum iyakarta digiri 70, kuma a watan Afrilu, da zafin waje ke haura 40, na'urar sanyaya ɗaki in ta tsaya, ƙwayar na iya kaiwa kusa da nan.

Idan an gano hanyar, a rufe ƙofarta a kan suwic da portdisable, aiki ya koma ta sauran hanyoyin, sannan a zare igiyar. A goge bakinta da alƙalamin goge faiba na milimita 1.25, a goge cikin ƙwayar ma. Ba a hura mata iska da baki, ba a shafa ta a riga, ba a kuma leƙa cikinta da ido, don hasken nanomita 850 yana iya cutar da ido ba tare da an gan shi ba. A duba tsawo: OM3 yana kai mita 150 a gudun 8, mita 100 a 16, mita 70 a 32. A duba ko ƙofar kabad ta matse igiyar ko an lanƙwasa ta sosai. Duk ƙofar da ba a amfani da ita a mayar mata da murfinta na roba. In an goge, an canja igiya, ƙirgar ba ta daina hawa ba, sai a canja ƙwayar SFP, ta gefen suwic tukuna, a buɗe ƙofar da portenable, a sake karanta lambobin washegari.