Kafin ka zuba kuɗinka a tsohuwar libarba

Tsohuwar libarba ta ƙarni na 19 ba don harbi ake sayenta ba, saboda haka ƙyalli ba ya ƙara mata daraja. Abin da masu tarawa ke biya shi ne yawan abin da ya rage a jikinta tun ranar da ta fito daga masana'anta. Yawancin waɗanda suka daɗe a harkar nan da aljihunsu suka koyi wannan karatu. Kai ƙanina, ba sai ka sake biyan kuɗin makarantar ba.

Fara da doka, domin ita ce ke kai mutum gidan yari. A Amurka, bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan, dokar tarayya tana ɗaukarta kayan tarihi. A Ingila, in mai cin harsashi ce, sai harsashinta ya kasance cikin jerin waɗanda aka daina amfani da su, kuma a 2021 an cire wasu daga jerin, har da .44 na Rasha da milimita 11 na sojan Faransa. Mutane suka wayi gari abin da ke cikin kabad ɗinsu yana neman lasisi. A Najeriya babu wannan sassaucin. Dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin haramtattun makamai, har da masu ƙyastu na zamanin kakanni. In a gida kake, karatu da ziyarar gidan tarihi su ne rabonka, kada wani ya ruɗe ka da cewa ai tsohuwa ce.

Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. A libarbobin kamfanin Colt na Amurka, samfurin aljihu na 1849 ya haura shekara 150, amma an ƙera fiye da 300,000, don haka mai matsakaicin hali ba wani abin tada hankali ba ne. Wadda ake kira Navy ta 1851 an yi kusan 215,000 a birnin Hartford na Amurka, da wasu kusan 42,000 a masana'antar Colt ta Landan. Walker ta 1847 kuwa 1,100 kacal aka yi, da yawa suka fashe ko suka ɓace a hannun soja, shi ya sa aka sayar da ɗaya dala miliyan 1.84 a gwanjo a 2018. Wannan labari ne ke jefa samari a rami. Walker na jabu da ke yawo sun fi na gaskiya da suka rage yawa, kuma in an tallata maka ita a farashin babur, ka riga ka san amsa.

Idan bindiga ta zo hannunka, kafin komai ka tabbata ba ta da ciki. Irin waɗanda ake ɗura wa albarushi da dalma ta gaba sukan kwana shekara ɗari da ɗurinsu, kuma albarushi ba ya mutuwa don tsufa. Zura siririn tsinken itace cikin kowane rami na silinda, wato gangar nan mai juyawa, ka sa alama, ka gwada tsawon da jikinta ta waje. Ramin da tsinke ya tsaya da wuri akwai abu a ciki. Kada ka ja kunama a banza, domin guduma tana faɗa wa 'yan nonon da ake ɗora hular wuta a kansu, ta daddage su. Kada kuma ka juya silinda sai guduma tana rabin ɗani, in ba haka ba maƙullin ƙasa zai zana mata zobe.

Sai lambobi. A Colt mai albarushi, lamba ɗaya ce ya kamata ta maimaitu a ƙasan bututu, da gangar jiki, da garkuwar kunama, da gindin ƙota, da silinda, da sandar da silinda ke juyawa a kai, da 'yar sakatar da ke riƙe bututu. Sau da yawa akan same ta da tawada a cikin kwarin katakon ƙota. Sakata ce ta fi ɓacewa, kuma wadda aka musanya tana rage kuɗi kaɗan. Silinda ko bututun da bai dace ba yana rage shi sosai. Daidaituwar lambobin ma ba ta isa ba, sai ka sa gilashin ƙara girma ka dubi zubin kowace lamba. Wanda ya goge tsohuwa ya buga sabuwa yakan bar ɗan kwari a wurin, kuma bakwai ɗinsa ko biyunsa ba za su yi kama da na sauran sassan ba.

Akwai inda ƙa'idar ke juyewa, a nan ne ake gane wanda ya yi karatu. Colt ta sojan doki samfurin 1873 da bututu mai inci 7 da rabi ta fito. Daga wajen 1895 zuwa 1903 gwamnati ta mayar da dubbai aka yanke su zuwa inci 5 da rabi, aka harhaɗa sassansu ba tare da kula da lamba ba. A irin waɗannan, cakuɗar lamba tarihi ce. Haka libarbar sojan Faransa ta 1873, wadda aka ƙera a Saint-Étienne, da farin ƙarfe ta fito. In ka ga an yi mata baƙi, daga baya ne.

Ɓarnar da ta fi kowace yawa ita ce gyara. Mutum ya ga launin tsufa ja-ja-ja a jikin ƙarfe, sai ya ɗauko samfefa ko injin goge, ko ya kai a sake mata shuɗi, wato launin da masana'anta ke yi wa ƙarfe. A rana ɗaya yakan zubar da rabin kuɗinta ko fiye, kuma babu hanyar komawa. Ma'aunin NRA, ƙungiyar masu bindiga ta Amurka, wanda 'yan gwanjo ke bi, a kan ragowar launin asali aka gina shi: sama da kashi 80 cikin 100 mataki ne, sama da kashi 30 wani mataki ne, ƙasa da haka kuma wani. Tazarar kuɗi tsakanin mataki da mataki takan ninka. Gane wadda aka sake wa fuska ba wuya in ido ya saba. Kusurwoyin bututu da ya kamata su yi kaifi sun zama mulmulallu, bakin ramin sukuru ya lotsa, rubutun masana'anta ya dushe a gefe ɗaya, shuɗi kuma ya shiga har cikin ƙananan ramukan da tsatsa ta ci. Masana'anta ba ta taɓa yi wa tsatsa shuɗi ba. Gogewar gaskiya a bakin bututu take farawa da kan tudun kusurwa, inda kube ke shafa, lungu kuma ya riƙe launinsa. Dubi zanen da ke kewaye da silinda. Navy ta 1851 da Army ta 1860 suna ɗauke da yaƙin jiragen ruwa na Campeche na 1843, ta aljihu kuma 'yan fashi sun tare keken doki. Zanen asali naɗa shi aka yi da inji, ba shi da zurfi. Wanda aka bi da hannu yakan yi kaifi fiye da sauran jikin bindigar.

Tun ƙarshen shekarun 1950 masana'antun Italiya irin su Uberti ke ƙera kwafin waɗannan bindigogi, sana'a ce ta halal, da tambarinsu a jiki. Macuta ne ke goge tambarin, su jiƙa ƙarfen da ruwan gishiri ko asid, su bubbuge shi. Haska fitila cikin bututu. Layukan cikin Colt na asali a hankali suke fara murɗawa, su ƙara kusa da baki, yawancin kwafi kuwa murɗi ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Zaren sukurun kwafi ma na awon mita ne. Tambarin ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai na Liège ne a Beljiyam, inda aka yi ta kwaikwayon Bull Dog na Webley, kamfanin Birmingham a Ingila. Tsofaffi ne na gaskiya, amma kuɗinsu bai kai na Birmingham ba. Ita kanta Webley .455, wadda sojan Ingila ya karɓa a 1887, da yawa an aske bayan silindarsu a Amurka don su ci harsashin .45. Alamar ita ce lambar da ke gefen silinda ta yanke rabi.

Labari ba ya da farashi sai da takarda. Kowane dillali yana da bindigar wani janar. Kamfanin Colt yana bayar da wasiƙa daga kundinsa, mai nuna ranar da aka aika bindiga, da wanda aka aika wa, da tsawon bututunta da irin ƙotarta. Sai dai gobarar 1864 ta cinye babban ɓangaren masana'antar, kuma bayanan farko suna da giɓi mai yawa. Karanta wasiƙar da bindigar a gabanka: in ta ce katako, kai kuma kana ganin hauren giwa, an musanya.

Wajen ajiya, kada ka bar ta cikin kuben fata, sinadarin jima yana cin ƙarfe. Laimar ɗaki ta tsaya wajen kashi 45 zuwa 50. Shafa ɗan mai mara kauri a ƙarfe, ko kakin da gidajen tarihi ke amfani da shi, kada mai ya taɓa katako. Tsatsa mai rai, ja mai gari, ana ɗaga ta da mai da gefen tagulla a hankali. Sukuru kuma kada ka taɓa shi sai da sukudireban da bakinsa ya cika tsagar daidai. Harsashin zamani haramun ne a gare ta. Colt ma sai a 1900 ta amince da albarushi mara hayaƙi a samfurin 1873.

Farashi kuwa, abin da aka sayar za ka duba, ba abin da mai kaya ya yi wa suna ba. Nemi sakamakon gwanjo na samfuri ɗaya a mataki ɗaya cikin 'yan shekarun nan. Ka tuna gidan gwanjo yana ɗora wa mai saye la'ada, sau da yawa kashi 15 zuwa 25, ya kuma cire tasa a wajen mai sayarwa. Ka nemi a rubuta maka 'yan kwanakin dubawa da damar mayarwa kafin ka biya, sannan ka kai wa masanin da ba shi da ko sisi a cinikin.