Hotunan duwatsu da kogi na wani ɗan uwanmu, da inda na kai da gwada hanyarsa

Jama'a barkanmu. Yau ba nawa hotunan zan fara sakawa a gaba ba, na wani ɗan uwanmu ne da muke koyon hoton fim tare, wanda ya daɗe yana ɗaukar fili da duwatsu da ruwa shiru-shiru bai cika nunawa ba. Ya yarda in yi magana a kan guda uku, kuma ya ba ni dodon hoton, wato ainihin fim ɗin da aka wanke, na riƙe na ɗaga a haske, ba wai wanda aka yi sikanin aka gyara a kwamfuta ba.

Kyamararsa Mamiya RB67 ce, wadda aka fara fitarwa a 1970, tana cin fim ɗin 120 kuma hoto goma kacal ake samu a nadi ɗaya saboda girman kowane santimita 6x7 ne. Faɗin dodon ya ninka na ƙaramin fim ɗinmu na milimita 35 fiye da sau huɗu. Ba batir, ba mitar haske a jikinta, nauyinta ya haura kilo biyu, dole sai da ƙafa uku. Na san wasu daga jin haka za su ce ai shi ke nan kyamara ce ta yi aikin, to ni dai da na zauna da hotunan nan ban yarda ba, girman fim ɗin ya taimaka wajen laushi da rashin tsaki-tsaki, wannan gaskiya ne, amma abin da ya sa hotunan suka tsaya da ƙafarsu shi ne yadda yake auna haske, kuma wannan ko da ƙaramar kyamara ana yi.

Na farkon jerin duwatsu ne da gajimare ya taru a samansu, baƙi da fari, a kan fim ɗin kamfanin Ilford mai suna FP4 Plus, mai saurin karɓar haske 125. Abin da zai fara kama idonka sama ce, ta yi duhu sosai gajimaren ya fito fari tas kamar ka kai hannu ka taɓa. Jar filta ya saka, wato jan gilashi a gaban idon kyamara, mai lamba 25. Ita jar filta tana tare shuɗin haske, shi ya sa shuɗin sama yake komawa kusan baƙi a takarda, amma tana cinye haske mataki uku (kowane mataki rabin hasken yake tafiya), wato a rana tsaka inda za ka ɗauka a buɗin ido f/16 da 1/125 na daƙiƙa, da ita sai ka sauko 1/15. Matsalarta kuma, wadda ba kowa ke faɗa ba, inuwa ai hasken shuɗin sama ne yake cika ta, don haka da zarar ka saka jar filta inuwar ma ƙara nutsewa take yi. Da na ɗaga dodon sai na duba ƙasan babban dutsen nan na hagu inda inuwa ta fi kauri, na ɗauka zan ga fim fayau ba komai, wallahi akwai tsagar dutsen, akwai 'yan ciyayi da suka fito ta cikin tsagar, siriri amma suna nan. Nan ne aikin yake.

Yadda ya yi shi ne, bai nuna mita ga filin gaba ɗaya ba. Ya auna inuwar da yake so a ga abin da ke cikinta ita kaɗai, sannan ya rage mataki biyu daga abin da mita ta ce, bayan nan ya ƙara ukun filta. Dalilin ragewar, mita ba ta san baƙi ko fari ba, duk abin da ka nuna mata so take ta mayar da shi toka-toka na tsakiya. Wannan shi ne tsarin da masu ɗaukar hoto Ansel Adams da Fred Archer suka tsara wajen 1940, an raba haske daga baƙi ƙirin zuwa fari fat gida goma sha ɗaya, daga 0 zuwa 10, na tsakiya shi ne 5, inuwa mai bayani tana zama a 3, fari mai bayani kuma a 7 zuwa 8. Idan ya auna gajimare ya ga ya fi inuwar da sama da mataki biyar, to ya san farin zai ƙone, sai ya rubuta a ɗan littafinsa cewa wannan nadin a rage masa lokacin wanki. Ilford sun ba da minti 11 ga FP4 a maganin wankin fim ID-11 da aka haɗa rabi da rabi da ruwa a zafin digiri 20, shi kuma wajen minti tara ya yi. Rage lokaci bai cika taɓa inuwa ba, wuraren haske yake dannewa.

Na biyun kogi ne bayan rana ta faɗi, kuma shi na fi so duk cikinsu. Ruwan ya yi sumul saboda shata, wato ƙofar da ke barin haske ya shiga fim, ta daɗe a buɗe, duwatsun cikin ruwan kuma kowane da kaifinsa, akwai wani reshe da ya maƙale a tsakanin biyu daga cikinsu, ruwa ya yi masa farin zobe. Mita ta ba shi daƙiƙa 10 amma 18 ya yi. Ga masu fara koyo, fim idan ɗauka ta wuce daƙiƙa ɗaya ƙarfin karɓar haskensa raguwa yake, sai ka ƙara masa lokaci, kuma kowane fim da nasa lissafin, yana nan a takardar bayanin da kamfanin ke fitarwa, HP5 Plus, wani fim ɗin Ilford, misali a wannan daƙiƙa 10 ɗin wajen 20 yake so. Ya ɗaga madubin kyamarar kafin ya danna, da igiyar dannawa, saboda madubin RB67 babba ne idan ya buga sai komai ya girgiza. Sararin sama kuwa ɗan siriri kawai ya bari a saman hoton, ya ba ruwan kusan duka filin, ni a ganina da ya raba biyu daidai da hoton ya mutu.

Na ukun mai kala ne a kan Fuji Velvia 50, gona kore shar da bishiya ɗaya. Kalar ta yi kyau, Velvia ai an san ta da haka tun 1990, amma gaskiya bai kai biyun farko ba, gefen bishiyar ya toshe baƙi ƙirin. Fim ɗin silaid irin Velvia, wanda hoton ke fitowa kai tsaye a jikinsa, ba ya ɗaukar tazara mai yawa tsakanin haske da duhu, kuma shi wurin haske ake aunawa, akasin na baƙi da fari. Shi ma ya ce da ya jira gajimare ya rufe rana.

To ni kuma ga inda nake. Pentax K1000 nake riƙe da ita da HP5 Plus, mitarta ta cikin kyamara ce mai haɗa hasken fili duka, don haka abin da nake yi yanzu sai in taka har gaban inuwar in cika idon kyamara da ita, in karanta, in rage biyu, in dawo inda na kafa ƙafa ukun. Idan inuwar tana da nisa, can ƙetaren ruwa misali, sai in nemi wata kusa da ni mai irin duhunta. Nadin da na wanke na ƙarshe ya nuna bambanci sosai, gindin bishiyoyi da a da suke fitowa dunƙule yanzu ana ganin ɓawonsu. Inda abin yake ba ni wahala shi ne rage lokacin wanki, domin fim ɗin 35 hoto 36 ne a nadi ɗaya, wani an ɗauka da rana mai ƙarfi wani da hadari, kuma duk lokaci ɗaya za a wanke su. Shi mai hoto goma yana iya ƙarar da nadi a haske iri ɗaya, har ma ya cire bayan kyamarar ya saka wani mai ɗauke da wani fim. Abin da na yanke shi ne in koma sayen mai hoto 24, in ware nadi ɗaya na rana tsaka kawai in rage masa lokaci, ɗaya kuma na safe da yamma in wanke shi yadda aka saba.

Filta kuma na fara da ruwan ɗorawa tukuna mai cin mataki ɗaya, don in ga yadda take taɓa inuwa kafin in hau ja. Duk wanda ya gwada auna inuwar nan a cikinku don Allah ya rubuta abin da mita ta ce da abin da ya ɗauka a kowane hoto, kuma idan za mu haɗu ya zo da dodon hoton ba sikanin kaɗai ba, mu jera su kusa da na ɗan uwan nan mu ga inda kaurinsu ya bambanta.