Ranar haɗa sabulu

Asabar, 25 ga Janairu 2025

Tun kafin assalatu na farka. Jiya da daddare na jiƙa sodar sabulu a bokiti na kulle a sito, kuma duk daren da na jiƙa ta barcina rabi da rabi ne. Na lalubi makullin a ƙarƙashin matashi, na ji shi yana nan, sannan na tashi na ɗora ruwan alwala. Hazo ya sauka sosai, ko darbejiyar ƙofar gida ba a gani da kyau.

Yau karo na huɗu ke nan da nake haɗa sabulun ruwa da hannuna, kuma ina so in rubuta yadda aka yi na fara, kada wata rana in manta. A watan Oktoba na ɗauki ragowar littafin makarantar babbar 'yata, na ce duk sisin da ya fita daga hannuna sai na rubuta shi. Na zaci shinkafa da mai ne za su fi tayar mini da hankali. Sun tayar, amma su dama na san da zamansu. Abin da ya sa jikina ya yi sanyi aiken shago ne. "Je ka wurin mai shago ka karɓo omo na ɗari biyu." "Ungo, sayo sabulun wanke-wanke." "Biya ka taho da Hypo guda biyu." Da wata ya ƙare na ƙirga, sau 21 na aiki yaro sayen kayan wanki da wanke-wanke kaɗai. Lokacin da nake miƙa kuɗin ban taɓa jin sun yi mini yawa ba, amma da na tattara su a shafi ɗaya sai ga kuɗin cefanen kwana da kwanaki. Ashe ta nan tulun yake yoyo.

Abin da ya fi ci mini rai a lissafin nan shi ne, wanda ba shi da shi ne ya fi kowa sayen kaya da tsada. Mai hali ya shiga kanti ya ɗauki babbar leda ko katan, ya huta wata guda. Mu kuwa kullum ɗan ƙulli, kuma a kowane ƙulli ka biya kuɗin leda, ka biya ribar ɗan sari, ka biya ta mai shago. Ban ga laifin mai shagon unguwarmu ba, shi ma nema yake, kuma sau nawa ya ba mu bashi ya rufa mana asiri. Tsarin ne haka. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin man fetur komai ya tashi, domin komai a mota yake zuwa. Litar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta wuce 1,000. A Yulin bara aka sa hannu a kan sabon mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, mun yi murna, amma kafin ƙarin ya iso hannun Abban yara kasuwa ta riga ta lashe shi. Malamin makaranta ne, kuma ba mutum ne mai ƙorafi ba. A fuskarsa nake karanta kwanan wata.

Da ƙarfe takwas yara suka tafi Islamiyya, Auta kuma na miƙa shi sashen Hajiya na ce kada a bar shi ya leƙo. Can sai ga Maman 'yan biyu ta shigo da nata bahon a ka.

"Maman Auta, kin kwana lafiya? Ya sanyi?"

"Lokacinsa ne. Shigo, ruwa na nan na tara."

Tare muke haɗawa, tare muke sayen kayan a Sabon Gari, inda masu sayarwa ke auna maka na lita 10 ko na lita 20, kowane sinadari a ledarsa da sunansa a jiki. Mun sa safar hannu, mun ɗaura takunkumi, muka ja kayan tsakar gida inda iska ke wucewa. Na fara barbaɗa nitirosol, garin da ke sa sabulu kauri, a ruwa kaɗan-kaɗan, ita tana juyawa da tsohuwar muciyar da na ware wa wannan aikin kaɗai. In ka zuba shi gaba ɗaya gudaji yake yi kamar kunun da aka yi wa gaggawa. Da na tsiyaya ruwan sodar jiya sai ruwan ya fara nauyi, muciya ta soma jan jiki, ya koma kamar ruwan kuɓewa. A wani bokitin na haɗa salfonik da tegzafon. Salfonik baƙi-baƙi ne mai kauri kamar maɗi, kuma shi ne ainihin mai cire maiƙo. Tegzafon kuwa kumfa yake ƙarawa. Mutanenmu kumfa suke bi, in sabulu bai yi kumfa ba sai a ce ba shi da kyau, alhali ba kumfar ce ke wanke kwano ba. Salfonik tsami ne mai ƙarfi, soda ce ke kashe masa kaifi, shi ya sa awo yake da muhimmanci: in soda ta yi yawa hannu ya yi ta tsagewa, balle a wannan hunturun. Muka zuba sauran ɗaya bayan ɗaya, muna juyawa ɓangare guda, kusan awa ɗaya, har kafaɗata ta riƙe. Daga ƙarshe kala kore da turaren lemo. Fomalin ne kawai ba na sawa. An ce yana hana sabulu lalacewa, amma da shi ake adana gawa a asibiti, kuma raina bai kwanta in wanke kwanon da yarana za su ci tuwo da shi ba. Gara in haɗa wanda zai ƙare cikin wata biyu.

Maganar soda kuwa, duk wadda ta tambaye ni yadda ake haɗa sabulu da ita nake farawa, kafin in faɗi komai. Soda ake zubawa a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda. Da ta shiga ruwa bokitin zafi yake ɗauka, ka taɓa gefensa ka ji kamar an sauke shi daga wuta. A roba ake jiƙa ta, domin tana cin tukunyar alminiyam. In ta fallatsa a jiki, a yi ta kwarara ruwa ba ƙaƙƙautawa. Babban abin tsoron shi ne ruwanta garau yake, ba kala ba wari. Yaro ya gan shi a gora ko a kofi ruwan sha zai ɗauka, kuma yana ƙona maƙogwaro har abinci ya daina wucewa, a yi ta jelen asibiti shekara da shekaru. Wallahi da in yi sakaci da wannan gara in koma aiken shago har ƙarshen rayuwata. Shi ya sa makullin sito yake kwana a ƙarƙashin kaina. Haka kuma Hypo: ba a gauraya shi da ruwan wanke masai mai tsami, hayaƙin da ke tashi yana shaƙe mutum.

Muka rufe bahunan muka mayar sito. Sai gobe kumfa ta kwanta za a ɗura.

Wajen sha ɗaya facalata ta iso, da ni da ita da Maman 'yan biyu, mu uku muka ɗauki shatar ɗan sahu guda zuwa kasuwa. Wannan ma dabara ce da wuya ta koya mana. In kowace ta tafi ita kaɗai, rarar da za ta samu a kasuwa a kuɗin mota za ta tafi. Mun fara da Singa: katan ɗin taliya, katan ɗin sabulun wanka, sukari da dunƙulen miya, duk a raba uku. Takardata na hannuna, abin da ba ya cikinta ko kallonsa ba na yi, kuma na ci abinci na ƙoshi kafin in fito, domin mai jin yunwa komai ya gani a kasuwa so yake. Azumi saura wata guda da 'yan kwanaki, kuma kowa ya san yadda sukari da gero suke yi idan Sha'aban ya raba. Gero da masara dai Alhamdulillahi, tun da kaka Abban yara ya haɗa kuɗi da abokan aikinsa suka sayo a Dawanau. Waken na ɗura shi a jarkoki na toshe bakin da leda yadda iska ba za ta shiga ba, har yau ko ƙwaro ɗaya ban gani ba, kuma ban sa masa maganin feshi ba.

A 'Yankaba muka fi daɗewa. Yanzu ne lokacin tumatirin rani, na Kadawa da Kura yana ta shigowa, ja wur, mai tsoka. Wanda ya ga yadda tumatir ke zama zinariya da farkon damina ba zai bari wannan lokacin ya wuce shi ba. Na tsaya gaban wani dattijo na taya kwando.

"Albarka, Hajiya."

"Haba Baba, mu uku ne fa, kuma har da attaruhu da albasa za mu haɗa a wurinka."

Ya yi shiru yana kallon kwandon, sannan ya ce in ƙara wani abu. Na ƙara kaɗan, ya sallama, har ya yi mana gyaran tattasai. Na ce a juye kwandon a gabana in ga na ƙasa, bai ji haushi ba, ya ce gaskiyata. A gefe akwai fasasshen tumatir da ya fara ruwa, ana ba da shi kusan kyauta. Facalata ta tsaya tana kallo, ta ce ai in an tafasa shi ke nan. Na ce mata a'a, Yaya, wanda ya fara farin gashi ba na kai shi gidana, abin da aka rage a nan a kemis za a biya shi. Ta yi dariya ta ce araha ba ta ado, muka wuce.

Bayan la'asar na zauna da yara mata muna yanka tumatir gida biyu don kauɗa. Gobe zan baza a kan tabarma a saman soro, in rufe da tsohon gidan sauro saboda ƙura da ƙuda. Iskar nan ta hunturu ba ta ɗaukar kwanaki da yawa take busar da shi. Kashi ɗaya kuma na markaɗa na tafasa har ruwan ya ƙone, na zuba mai a sama.

Muna cikin haka Hajiya ta fito da carbinta ta zauna a kujera 'yar tsugunno. Ta ga babbar 'yata tana shirin kwashe tokar kurfoti ta zubar, sai ta ce, "Ke, ina za ki da ita?" Ta sa aka kawo tukunyar da na dafa wake jiya, wadda gindinta ya yi baƙi ƙirin. Ta jiƙa soso, ta dangwali toka, ta shiga dirzawa a hankali, ba ta ko yi nishi ba. Hannunta duk jijiya, amma ya san aikin. Kafin a jima ƙarfen ya fara haske ta ƙarƙashin baƙin. Ta ce su a zamaninsu da toka da yashi suke wanke-wanke, sabulun salo na wanka ne, kuma kafin a ɗora tukunya a murhu sai an shafa mata jiƙaƙƙiyar toka a gindi, yadda baƙin zai zauna a kan tokar, a ɗauraye ya fita. Ta ce ɓawon lemon tsami da gishiri su ke fito da hasken farantin tagulla, ruwansa kuma ya cinye farin dattin da ruwan burtsatse ke bari a cikin buta. Yarinyar ta tsaya baki buɗe. Ni kaina na san duk wannan, na ga Innata tana yi, amma ban san ranar da na ajiye shi ba. Wataƙila ranar da muka fara jin kunyar a ga toka a madafarmu.

Na ce, "Hajiya, wasu fa cewa suke na cika ƙwauro, wai har guntayen sabulu nake tarawa a safa."

Ta ɗago ta dube ni. "Wa kika hana? Maƙwabciya ta aiko ba ki ba ta ba?"

Na ce ina bayarwa.

"To tattali ne. Allah ya yi miki albarka."

Maganar ta shige ni, domin abin ya daɗe yana damuna. Ba na so yarana su tashi suna ganin uwarsu mai maƙo ce. Ina so su ga cewa kuɗin nan gumin ubansu ne, tsayuwar awa shida gaban allo, kuma ba daidai ba ne ya tsiyaye a ledar da za a yar a kwata. Cikin lita 20 ɗin nan gora biyu dama ba tawa ba ce: ɗaya ta matar nan mai takaba ta bayan layinmu, ɗaya ta wanke bandakin masallaci. Lokacin da nake sayen na ɗari biyu ban isa in yi wannan ba.

Bayan isha'i na kai wa Abban yara littafin. Ya sa tabarau ya bi shafin Oktoba da yatsa, ya juya na Disamba, ya sake komawa baya. Layin kayan wanki ya ragu fiye da rabi. Bai yi magana da yawa ba, ya ce Allah ya saka da alheri, sannan ya tambaya ko abin da ya ragu zai isa a yi wa Auta takalmin makaranta, nasa ya buɗe baki. Na ce zai isa, har da safa.

Yanzu sha ɗaya saura. Na leƙa sito da tocila, kumfar ta fara kwanciya, koren ya fito ta gefen baho. Goruna 14 na wanke na kife, duk na ɓare takardun jikinsu na rubuta SABULU da jan maka. Na kulle, na mayar da makullin ƙarƙashin matashi. Gobe in Allah ya kai mu ɗuri da safe, sai shanyar tumatir kafin rana ta ɗaga.