Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Ƙarfen da ke cikin cinyata

Makon jiya mun tsaya inda habub ta rutsa da ni a hanyar Sinnar zuwa Mai Wurno a nan Sudan, da naman agashe, wato gasasshen naman da nake sayarwa, ɗaure a bayan babur. Wanda bai taɓa ganinta ba zai ɗauka hazo ne irin na hunturu. Katangar jar ƙura ce mai tasowa gabanin damina, in ta iso ko tafin hannunka ba ka gani. Maimakon in tsaya sai na ƙara wuta don in riga ta isa gida. Ashe wata babbar mota shaƙe da buhunan dawa ta lalace a gefen kwalta. Ban gan ta ba sai da na ji ni a ƙarƙashinta.

Gudun da nake yi bai wuce kilomita 50 a awa ba, amma daga baya likita ya ce min wanda ya daki abin da ba ya motsi da wannan gudu, daidai yake da wanda ya faɗo daga tsayin mita 10. Motar ko gezau, ƙarfin bugun duk a jikina ya ƙare. Hular kwanon da Yaya ya tilasta min sawa ta tsage gida biyu, kaina kuwa lafiya. Ƙashin cinyata ta dama ne ya karye.

Da aka kai ni gida, Inna ta ce a kira mai ɗori, wanda a nan Sudan ake ce wa basir. Ba na raina wannan dattijo ko kaɗan, shi ya ɗora min hannu ina yaro, ya kuma warke sarai. Ya zo ya durƙusa, ya shafa cinyar da ta kumbura ta yi tauri kamar ganga, ya buɗe idona ya ga ya yi fari fat. Sai ya miƙe.

"Hajiya, wannan ba nawa ba ne. Ku kai yaron nan asibitin Madani yanzu, kada ku bari ya kwana."

Allah ya jiƙansa. A asibiti aka gaya mana karyewar ƙashin cinya na iya zubar da jini har lita ɗaya da rabi a cikin nama, ba a ga ko ɗigo a waje ba. Da an ɗaure ni da kara an kwantar a ɗaki, ban san inda za a kwana ba. Leda biyu aka ƙara min, ɗaya daga hannun Yaya. Bayan hoton ƙashi aka yi tiyata, aka zura dogon ƙarfe ta cikin ramin ɓargo tun daga kwankwaso har kusa da gwiwa, aka kafe shi da kusoshi sama da ƙasa.

Na ɗauka wahala ta ƙare ke nan. Ashe gwiwa ce ke jirana. Tun ana saura kwanaki a sallame ni, mai gashin ƙashi ya ce in miƙe da sanduna, domin kwanciya na sa jini ya daskare a jijiya, naman ƙafa ya zube, gwiwa ta sandare. Haka kuwa aka yi, cikin wata guda cinyar ta tsotse, ta koma kamar ba tawa ba. Kullum bayan Asuba Yaya zai zaunar da ni a bakin angarib, wato gadon igiyar nan namu, ya riƙe dunduniyata yana tura ta baya kaɗan-kaɗan. Ina cizon gefen rawani, gumi na tsiyaya.

"Yaya, don Allah bari haka."

"Auta, saura ƙiris. Ƙirga goma tare da ni."

Inna ba ta iya kallo. Sai ta fita tsakar gida ta hau dama godo-godo, ina jin muryarta tana min addu'a da ƙarfi don kada ta ji nishina. Shi kuwa Yaya daga nan zai wuce ya hura gawayi ya tsaya a wurin agashena har dare, ya kawo min cinikin ko fam ɗaya bai taɓa ba.

Abin da ya fi ci min rai a watannin nan sallah a kan kujera. Ina ganin tsofaffi 'yan saba'in suna kai goshi ƙasa, ni da ƙuruciyata sai dai ishara. Sai a wata na biyar, wata Magariba, na ajiye sanda na dafa bango na sauka a hankali, gwiwar ta lanƙwashe, goshina ya taɓa tabarma. Na daɗe ban ɗago ba. Da na yi sallama na tarar da Inna tsaye a bakin ƙofa, ta rufe baki da gefen mayafinta.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin ranar da aka dawo min da gawar babur ɗin a bayan amalanken jaki, da abin da muka yi da Yaya a kanta.