Golf a kan rairayi: daga Birnin Kebbi zuwa Yamai

Kawuna ne ya ja ni tafiyar nan. Tun yana aiki a Kaduna ya koyi buga golf, wasan nan da ake bugun 'yar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami, da ya yi ritaya ya dawo gida Birnin Kebbi sai sandunan suka koma jingine a lungun ɗaki suna shan ƙura. Wata rana cikin hunturu, tun kafin a rufe boda a 2023, ya ce "yaro shirya, za ka raka ni Yamai ka ga inda ake golf ba ciyawa ko ƙwaya ɗaya".

Bayan sallar asuba muka kama hanya, Kalgo, Bunza, sai Kamba, nan muka canji naira zuwa sefa aka duba mana takardu muka tsallaka Gaya. Daga Gaya zuwa Dosso ba wani labari sai hazo da manyan motoci. A wajen Kure ne kawu ya sa direba ya rage gudu saboda raƙuman dawa, kuma mun dace mun hango su can nesa suna cin ganyen itace.

Filin da muka je Rio Bravo ake ce masa, yana bayan gari ta hanyar Tilaberi kusa da kogin Kwara. Wallahi da na sauka mota na ɗauka ba mu iso ba tukuna, don abin da na saba gani a talabijin kore ne shar, nan kuwa jar ƙasa ce da tsakuwa da rairayi da itatuwan ƙaya, kai ka ce dajin Kangiwa ne da rani. Wani yaro Bazabarme mai jin Hausa ras shi ya ɗauki jakar kawu, a hannunsa kuma da ɗan guntun kafet na ciyawar roba. Ashe wannan kafet ɗin shi ne ciyawarka gaba ɗaya, duk inda ƙwallo ta faɗi kan hanyar zuwa rami sai a shimfiɗa shi a ɗora ta a kai sannan ka buga, in kuwa ta kauce ta shiga daji to nan za ka buga ta yadda ka same ta, ba kafet ba sassauci, ga karangiya tana kama ƙafar wando.

Abin da ya fi tsaya min a rai wurin ramin ne. Rairayi ne aka tankaɗe aka cakuɗa da baƙin mai don kar iska ta kwashe shi, ya yi duhu ya kwanta luf, kana matsowa za ka ji warin man. Kafin ka tura ƙwallo sai yaron ya jawo wani ƙarfe mai faɗi ya share maka hanya tun daga ƙwallon har bakin rami, bayan kun gama kuma a goge sawun kowa saboda masu zuwa baya. Kawu ya ce min "ɗana, a nan ƙwallo ba ta gudu, tura ta da ƙarfi kar ka ji tsoro". Na gwada kuwa, na ga yadda take barin ɗan siririn layi a bayanta har ta faɗa. Ramin faɗinsa milimita 108 ne kamar na ko'ina a duniya, sanduna ma doka ɗaya ce, kar su wuce 14 a jaka.

Da muka zauna inuwa muna shan ruwa kawu yake ba ni labari cewa ƙasashen Larabawa ma haka suka fara, sai 1988 Dubai ta buɗe filin ciyawa na farko a yankin, kuma ruwan da irin waɗannan filaye ke sha ba kaɗan ba ne. Akwai wani gari a hamadar Ostiraliya, Coober Pedy, su saboda zafi har da dare suke bugawa da ƙwallo mai haske.

Ni gaskiya abin ya taɓa ni, don mu a Kebbi mun ɗauka wasan masu kuɗi ne sai da famfo da injin yanke ciyawa, alhali fili ga shi nan har ya yi mana yawa, rairayi kyauta, baƙin mai ana zubarwa a kowane gareji, ga yara masu ƙarfin hannu da saiti suna zaune. A hanyar dawowa tun daga Dosso kawu yake lissafin wani fegi nasa ta hanyar Argungu, wai rami uku ma sun isa a fara, ni kuma ya ɗora min aikin nemo mai walda da zai haɗa mana ƙarfen sharar rairayi.