Kafin ka ɗora wa tsohuwar a-kori-kura sifirin wata mota

Ƙannena masu koyon kanikanci, sifirin baya na tsofaffin a-kori-kura irin su Peugeot 404 da 504 da tsohuwar Hilux ya yi wuyar samu, don haka sau da yawa na wata mota ake sayowa a Ƙofar Ruwa ko Panteka a daidaita shi. Kuskurena na farko a wannan aiki awo ne: na auna daga ido zuwa ido kawai, wato zoben da ke kowane ƙarshen sifirin inda ake ɗaure shi a jikin mota. Awo biyu ake yi, ana bin lanƙwasar babban ganye, wato fallen ƙarfen da ke ɗauke da idanun: daga santa bol (bol ɗin tsakiya da ke haɗe ganyayen) zuwa idon gaba, sannan daga santa bol zuwa idon baya. Na gaban shi ke yanke inda aksul zai zauna. Ya kauce da santimita 2 kacal, taya ta bar tsakiyar mazauninta, farfela kuma, sandar da ke kai juyi daga giya zuwa aksul, ko dai ta cushe cikin giya ko ta zazzago. A duba faɗi ma. Ganye mai milimita 70 ba zai zauna a gurbin mai 60 ba, kuma ramin bushin, robar da ke cikin idon, dole ya dace da kaurin bol.

Idan santa bol bai faɗa gurbinsa ba, kada ka huda sabon rami a babban ganye. Na huda, kuma daidai wurin ya tsage. Mazaunin sifirin da ke jikin aksul shi ake hudawa, idan tazarar ba ta wuce santimita 1 zuwa 2 ba. In ta wuce haka, sai a matsar da maratayar da ke jikin shasi, a auna hagu da dama su zo ɗaya, in ba haka ba motar za ta riƙa tafiya a karkace tana cin taya.

Abin da ya fi damuna shi ne wuta. Ƙarfen sifirin an gasa shi ne a masana'anta don ya lanƙwashe ya dawo. Da zarar ka sa masa wutar gas ko walda, wurin ya mutu: ko ya kwanta da lodin farko, ko ya karye a kan hanya da mutane a baya. In za ka rage tsawon ƙananan ganyaye, yi da injin yankan ƙarfe, a hankali, kana zuba ruwa, sannan ka goge bakin don kada ya ci ganyen da ke samansa. Kuma kafin ka kwance santa bol, ka danne ganyayen da matsi, domin in suka fashe suna iya karya yatsa.

Shakul ɗin baya, wato ƙarfen da ke lilo tsakanin idon baya da shasi, idan mota na tsaye ba kaya, ya ɗan karkata baya kaɗan, saboda sifirin yana ƙara tsawo in ya sha nauyi. In ya riga ya kwanta, sifirin ya yi tsawo, zai riƙa dukan shasi.

Sa sabbin yubol, wato lanƙwasassun bol da ke ɗaure sifirin da aksul, domin tsofaffin sun riga sun miƙe. Kada ka ƙarasa ɗaure bol ɗin bushin sai ka sauke motar daga jak, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage. Duba tiyon birki da shok ko sun isa, musamman in motar ta ƙara tashi. Bayan tafiyar kilomita 100 da kaya, a dawo a sake ɗaure yubol.